Koyar da Kwamfuta a Makarantun Ƙauye: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana wa hakiman ƙasashen da ke arewa da birnin Kano, watau su Ɗambatta, Makoɗa, Minjibir, Dawakin Tofa, Bichi, Bagwai, Tsanyawa da maƙwabtansu, abin da ake nufi da koya wa 'yan firamare aikin kwamfuta, da kuma rabon da ya faɗo wa hakimi da malaminsa cikin wannan al'amari.

Ba yau aka fara ɗora wa iyayen ƙasa irin wannan kaya ba. Sa'ad da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa cikin 1909, malamai da 'ya'yan sarakuna aka fara kai masa, domin talaka ya gani ya saki jiki. Da Gwamnatin Jihar Arewa ta ta da Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, hakimai da dagatai ne suka tara mutane, suka nemi zauren da za a zauna, suka sa ido a kan aji. Haka aka yi a 1976 wajen shirin ba kowane yaro ilmin firamare kyauta. Na kusa kusa kuwa shi ne rigakafin shan inna, wanda bai zauna da gindinsa ba sai da sarakuna suka sa baki, masu unguwa suka bi gida gida, har a watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ƙwayar cutar ta asali ta ƙare a Nijeriya. A duk waɗannan, Gwamnati ce ta kawo shiri da kuɗi, amma zuwan mutane da zamansu a hannun hakimi suka kasance.

Dalilin da ya sa maganar ta shafi ƙauye

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta ko zuwa Bichi da damina ba zai ga daji ba. Gona ce ke bin gona, gero da dawa da wake da gyaɗa, sai ɗorawa da kuka da gawo a tsaitsaye tsakaninsu, kuma kafin a bar wannan ƙauye an hango rufin wancan. Tun cikin shekarun 1960 masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello suka auna wannan ƙasa, suka ga gona ba ta hutawa, taki da gumin manomi ne ke riƙe da ita shekara da shekaru. Daga lokacin zuwa yau mutane sun ninka, ƙasa kuwa ba ta ƙaru da taki ɗaya ba. Gonar da kaka ya ciyar da gida da ita, yau jikoki sun raba ta kashi kashi. Hakimi ya fi kowa sanin haka, domin a gabansa ake kawo rigimar iyaka da ta gado.

Abin da ke biyo baya a fili yake. Cikin yaran da ke aji huɗu yau, da yawa ba za su ci abinci daga gona kaɗai ba. Sai sun haɗa da wata sana'a, ko fatauci, ko aikin albashi. Waɗannan hanyoyi kuwa duk na'ura ta shige su. Tun da wayar salula ta shigo a 2001 abin yake ta matsowa. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta shiga raba takin zamani mai rangwame ta hanyar saƙon waya, manomin da bai iya karanta saƙo ba ya dogara ga wani ya karanta masa. A farkon 2023, lokacin da takardar kuɗi ta yi wuya saboda canjin naira, an ga yadda mai hatsi da mai dabba suka rasa yadda za su karɓi kuɗinsu sai ta hannun yaron da ke riƙe da na'urar cirar kuɗi a bakin kasuwa. A Dawanau, wadda ke cikin ƙasar Dawakin Tofa, ana cinikin buhuna masu yawa ba tare da an ƙirga ko sisi a hannu ba.

Amma inda ciwon ya fi tsanani shi ne jarrabawa. Hukumar JAMB, wadda ke shirya jarrabawar shiga jami'o'i da manyan makarantu, ta fara gwada yin ta a kan kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina ta takarda ɗungum. Watau ɗan manomi daga Makoɗa ko Tsanyawa, ko da ya fi kowa ƙwaƙwalwa, tilas ya zauna gaban na'ura ya ba da amsa, lokaci yana tafiya a gefen allo. In ran nan ne ya fara taɓa ta, tsoro ya cinye rabin lokacinsa, hannu yana rawa, alhali ɗan birni da ke kusa da shi ya yi nisa. Hukumar da kanta ta lura da haka, har a 2017 ta shirya yadda za a iya gama jarrabawar da maɓallai takwas kawai, ba sai an riƙe linzami ba. Wannan sauƙi ne, amma bai kawar da baƙunta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga Kwalejin Ilmi ta Tarayya a Bichi, ga Kwalejin Noma ta Audu Bako a Ɗambatta. Abin takaici ne a ce makaranta tana ƙofar gidan yaro, na'ura ta tare masa hanyar shiga.

Abin da doka ta tanada

A takarda, maganar ta daɗe. A 1988 Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar koyar da kwamfuta, aka fara da waɗansu makarantunta na sakandare. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara tara a makaranta kyauta. Manhajar da aka fara aiki da ita a 2008 ta sa darasin kwamfuta a firamare, gyaran da aka fara bi a 2014 ya haɗe shi cikin darasin kimiyya da fasaha, sa'an nan a 2025 aka sake fitar da manhaja wadda ta ba shi gurbin kansa daga aji huɗu zuwa shida. A Jihar Kano kuma, a watan Yuni na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi. Saboda haka hakimin da ya tambayi hedimasta labarin wannan darasi ba shisshigi ya yi ba.

Sai dai abin da aka saba gani a makarantar ƙauye shi ne malami ya zana hoton kwamfuta a allo da alli, ya rubuta sunayen sassanta da Turanci, yara su haddace, su rubuta a jarrabawa, su ci. Wannan daidai yake da a koya wa yaro sunayen sassan garma bai taɓa riƙe ƙotarta ba.

Abin da ya kamata ɗan firamare ya iya

Ba wani abu mai zurfi ake nema ba. Yaron da ya gama aji shida ya kamata ya iya kunna na'ura ya kashe ta ta hanyar da ta dace, ya riƙe linzami ya kai kibiya inda yake so, ya buga sunansa da na ubansa da na garinsu, ya buga wasiƙa gajera, ya adana ta, gobe ya dawo ya nemo ta ya buɗe. Ya iya jera lambobi ya sa na'ura ta haɗa su, kamar mudu nawa aka sayar, nawa aka samu. Ya kuma san cewa lambar sirri ba a faɗa wa kowa, ko da wanda ya kira waya ya ce daga banki yake. Wannan na ƙarshe zai iya tsare kuɗin amfanin gonar ubansa tun kafin ya bar firamare.

Tsofaffin malaman hakimai da suka yi aiki da tafireta za su gane allon maɓallan da gani ɗaya, domin jerin baƙaƙen bai canja ba. Daga tafiretar da aka ƙera a Amurka cikin shekarun 1870 aka gaje shi. Abin da ya ƙaru shi ne kuskure yana goguwa ba tare da an ɓata takarda ba. Akwai kuma wani abu da ya kamata malamai su dage a kansa, watau baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Yawancin na'urori suna zuwa ba a shirya su ba, amma ana iya sa su, kuma ba da kuɗi ba. In ba a koya wa yaro su tun farko ba, zai tashi yana rubuta kafa a maimakon ƙafa, baki a maimakon baƙi, har a wayi gari wasiƙar da aka ce an yi baƙi a gidan dagaci ta koma wata magana dabam. Malamin da ya taɓa rubuta takardar shaidar gona ya san abin da baƙi ɗaya ke iya jawowa.

Da Hausa ya kamata a fara. Yaron da bai iya karanta harshensa ba, in aka zaunar da shi gaban na'ura, sai dai ya yi ta danne-danne yana kallon hoto. Karatu da lissafi su ne ruwan ciki da ake jan na rijiya da shi, kuma duk makarantar da 'yan aji huɗu ba su iya karanta layi biyu ba, gyaran wannan shi ne matakin farko na darasin kwamfuta.

Wani sashe na darasin ma ba ya bukatar na'ura ko kaɗan. Kwamfuta ba ta da hankalin kanta. Umarni take bi ɗaya bayan ɗaya, in aka tsallake ɗaya ta tsaya ko ta yi ɓarna. Malami yana iya sa yara su jera matakan dama fura ko na shukar gero daki daki, sa'an nan a ta da yaro ɗaya ya aikata abin da aka rubuta kaɗai, ba ƙari ba ragi. Nan da nan za su ga sun manta da cewa a ɗebo ruwa. Irin wannan jeri shi Turawa ke kira algoridim, kalmar kuwa daga sunan Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ta fito, masanin hisabi da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9. Yana da kyau a riƙa gaya wa iyaye wannan, don su san ilmin nan ba baƙo ba ne ga Musulmi. Haka kuma ana iya zana allon maɓallai a kan kwali, kowane yaro da nasa, ya saba da wurin kowane baƙi kafin layi ya zo kansa.

Darasi daga waɗansu wurare

An taɓa zaton cewa in aka ba kowane yaro na'urarsa magana ta ƙare. A 2007 wata ƙungiya daga Amurka ta kawo ƙananan kwamfutoci masu launin kore da fari, aka gwada su a makarantar firamare ta Galadima a Abuja. Yara sun koya da sauri, har sun ba manya mamaki, amma wutar caji da gyara suka zama matsala, shirin bai bazu cikin ƙasa ba. Ƙasar Peru ta sayi irin waɗannan na'urori dubu ɗaruruwa ta raba a ƙauyuka. Binciken da aka buga a 2012 ya nuna yara sun iya sarrafa na'urar, amma karatunsu da lissafinsu ba su ƙaru ba. Ƙasar Yurugwai kuwa ta fara nata a 2007, ta haɗa da horar da malamai da wurin gyara, shirin ya ɗore. Na'urar iri ɗaya ce a wuraren uku. Malami da wuta da mai gyara su ne suka bambanta.

Inda hakimi ya shigo

A nan ne cunkoson wannan ƙasa, wanda ya zama nauyi wajen gona, ya koma alheri. A inda ƙauyuka ke nesa da juna, tilas kowace makaranta ta nemi nata kayan. A arewacin Kano kuwa sau da yawa makarantu uku ko huɗu suna cikin tafiyar ƙafa da juna. Ɗaki ɗaya mai kyau, da malami ɗaya wanda ya iya, za su wadaci dukansu in an raba kwanaki. Amma wace makaranta za a zaɓa, kuma yaya za a yi dagacin da ba a zaɓi garinsa ba ya yarda ya turo yaransa? Sakataren ilmi na ƙaramar hukuma yana iya rubuta takarda, amma sulhun dagatai aikin hakimi ne, ba mai iya yi masa.

A ɗauki misali. A ce ɗaki yana da na'ura 10, aji yana da yara 60. In aka zaunar da yara biyu a kan kowace na'ura, rukuni uku ke nan. In kowane rukuni ya sami minti 20, cikin sa'a ɗaya kowa ya taɓa. Sauran suna waje a inuwa suna aiki da kwalinsu. Zama bibbiyu ba hasara ba ne, domin yaro yakan fi saurin ɗauka daga ɗan'uwansa. Abin da za a kiyaye shi ne kada manyan yara maza su mamaye kujeru, 'yan mata da ƙanana su ƙare da leƙe ta kafaɗa. Gara a ware wa 'yan mata rukuninsu, in da hali da malama.

Game da wuta, inda layin lantarki bai kai ba, ko ya kai amma ba ya kawowa, hasken rana ya fi janareta, domin ba ya cin mai, rana kuwa Allah ya hore wa wannan ƙasa. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta fi ta tebur dacewa da ƙauye, saboda wutar da take ci kaɗan ce, kuma tana da batir a cikinta. Sai dai faifan sola yana son a riƙa goge shi, musamman da hunturu sa'ad da ƙura ke rufe shi. Batir ba ya son zafin bazara, a ajiye shi inda iska ke shiga. Na'ura kuma a rufe ta da ƙyalle bayan aiki. Ɓera yana cin waya, gara tana cin akwati, rufin da ke yoyo yana iya kashe kayan shekara a dare ɗaya. Kafin a roƙi na'ura daga Gwamnati ko ɗan majalisa ko ƙungiyar 'yan asalin gari, a fara duba rufi da ƙofa da taga, a kuma tsai da mai gadi wanda mai unguwa ya san gidansu.

Akwai wata ɓarna da ta fi sata yawa, ko da yake ba a kai ƙararta. Ita ce a kawo kaya a yi biki, a ɗauki hoto, sa'an nan hedimasta ya kulle su a ofis cikin kwalayensu don tsoron kada su lalace a tuhume shi. Ba mugunta ke sa shi ba, tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. Maganinsa shi ne hakimi ya faɗa a gaban kwamitin kula da makaranta cewa na'urar da ta lalace a hannun yara wajen koyo ba laifin kowa ba ce, wadda ta shekara a kwali ita ce abin tambaya. Batir ɗin da aka ajiye ba a caji ma mutuwa yake yi da kansa.

Lokaci ma abin dubawa ne. Daga saukar damina zuwa maimai, da kuma lokacin girbin gero da roron wake, yara da yawa suna gona, ranar kasuwa kuma 'yan mata suna talla. Kada a sa ranar kwamfuta ta faɗa ranar kasuwar garin. A ƙarfafa darasin da rani, sa'ad da hannu ya yi sauƙi. Kada kuma a sa shi ya ci lokacin makarantar allo ko Islamiyya, domin ranar da aka sa uba ya zaɓa tsakanin biyun an san wadda zai zaɓa.

Tsoron iyaye

Waɗansu iyaye za su ce na'urar nan tana lalata tarbiyya. Kada a yi musu dariya, domin maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. A gwajin Abuja na 2007 an ba da labarin yara sun kai ga hotunan banza ta intanet, sai daga baya aka sa abin tacewa. Amsar da za a ba su ita ce, duk abin da aka lissafa a sama ana koyar da shi ba tare da an haɗa na'ura da intanet ba, kuma a gaban malami ake yi, fuskar kowace na'ura tana kallon tsakiyar ɗaki. Wayar da ke aljihun yayan yaro a gida ta fi wannan haɗari nesa. Hanya mafi sauƙi ita ce a gayyaci liman da dattawa da iyaye mata su shiga ɗakin su zauna, a buga wa liman sunansa ya gani a allo, a nuna masa ana iya rubuta Larabci da ita daga dama zuwa hagu. Gani ya kori ji.

Littafin malamin hakimi

Tun da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, ƙidayar kawuna ta bar hannun malamin hakimi, amma iya riƙon littafi bai bar shi ba. Ana son ya buɗe littafi ɗaya domin wannan aiki. A shafin kowace makaranta ya rubuta na'ura nawa aka kawo, wa ya kawo, ran nawa ga wata, da lambar da ke jikin kowace ɗaya, domin da ita ake gane kayan sata in sun ɓulla a kasuwa. Ya rubuta nawa ke aiki, nawa suka mutu, tun yaushe, da sunan malamin da ke koyarwa, domin in aka yi masa canjin wurin aiki a san an bar ɗaki ba mai shi, hakimi ya yi magana da sakataren ilmi tun da wuri.

Sa'an nan sau ɗaya a kowane zangon karatu ya je da kansa, ba tare da ya aika zai zo ba. Kada ya tsaya a ofishin hedimasta. Ya shiga aji biyar ya zaɓi yara biyar da hannunsa, uku daga cikinsu daga layin baya, biyu aƙalla mata, ya ce kowanne ya kunna na'ura ya buga sunansa da na garinsu. Adadin waɗanda suka iya shi zai rubuta, shi kuma hakimi zai karanta wa dagatai a zamansu na gaba, a aika da kwafe ga sakataren ilmi. In malamin bai iya na'urar ba shi kansa, ya nemi malamin makarantar ya ba shi sa'a ɗaya bayan an tashi yara, ran da ya je duba ɗakin.